Labbo Mai Karanta Jewar Ungulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga wurin Allah muka fito, can kuma za mu, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Satumba, bayan azahar da kaɗan, Allah Ya karɓi ran Labbo mahauci, mutumin Kwatarkwashi, a bakin wata fadama da ke tsakanin ƙauyen Tungar Ɗinya da hanyar Tsafe. 'Yan bindiga ne suka harbe shi tun ranar Laraba. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya shida da jikoki goma sha ɗaya.

Wanda aka kashe a daji ba a cika sanin sa'ar da ya cika ba, sai dai a kintata. Taka sa'ar na san ta, Labbo, domin ina tsaye a kan dutse ina kallo lokacin da ta zo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Sahabi taubashinka, wanda bai taɓa gaya maka magana mai daɗi ba tun muna yawo ba wando.

Mahaifiyarka ƙanwar mahaifina ce, saboda haka tsiya a tsakaninmu gado ce. Ni ne na laƙaba maka Angon Ungulu, sunan ya bi ka har kasuwar Tsafe. Na sha gaya maka cewa sanƙon nan naka ba na gidanmu ba ne, zama da maɗaukin kanwa ne ya jawo maka shi. Kai kuma ka ce tun da na koma unguwar Damba ina sayar da hatsi a Gusau na zama ɗan birni, ko zakara ya yi cara sai na nemi wurin ɓuya. A lokacin dariya muke yi. Ashe cikin wasa ka faɗi gaskiya.

Tun muna yara, idan mun tafi kiwo a gindin dutsen garinmu, mu hankalinmu yana kan awaki, kai naka yana sama. A wancan zamani maiki, babbar ungulun nan mai dogon wuya da wasu ke kira mikiya, ta cika kogunan dutsen har kashinta ya yi masa farin fenti. Kakan kwanta rigingine ka yi ta kallonsu har awakinka su shiga gonar mutane, ka sha duka, gobe ka sake. Da ka gaji fawa a wurin mahaifinka kuma, sai ka zama mahaucin da bai taɓa jifan ungulu ba. Tarkacen hanji da jijiya da duk abin da ba ya sayuwa, gefe guda kake tara musu. Sauran mahauta suna korarsu da tsinin wuƙa, kai kana yi musu sannu da zuwa.

Wanda ya kuskura ya zauna a rumfarka ya shiga makaranta, ko yana so ko ba ya so. A bakinka na fara jin cewa ungulu ba da hanci take neman abinci ba, da ido ne. Ka ce idan sun tashi sukan rarrabu a sama, kowace idonta ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan maƙwabciyarta. Da zarar ɗaya ta karkata ta yi ƙasa, ta kusa da ita za ta biyo, ta bayan wannan ma haka, har labarin mushen da ya faɗi a Bungudu ya kai wa ungulun Tsafe ba wanda ya buɗe baki. Ka ce ba ta sammako, domin nauyinta ya fi ƙarfin fukafukanta, sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta ɗaga ta. Ka ce sau da yawa hankaka da shirwa ne ke fara gani, ita kuma tana lura da su. Ƙaramar ungulun gari bakinta siriri ne, ba ya huda fata, don haka takan fara da ido da baki da duk inda ke da taushi ko rauni, sauran kuma ta jira maiki ta zo ta farke. Abin da ka fi nanatawa shi ne ba ta kisa. Duk yunwar da take ji, ba ta taɓa abin da ke motsi.

Wata rana na ce maka ƙazamin tsuntsu dai ƙazami ne, ko ka yi masa kirari. Ka ɗago wuƙarka jina-jina ka ce, "Sahabi, ni ka yanka, ita ka sharar wuri. Amma ni aka gaidawa, ita aka jifa. Wane ne ƙazamin?" Na ce ku duka biyun. Ka jefe ni da ƙashi.

Duk wannan ilimi mun ɗauke shi hirar banza, har shekara shida da suka wuce, ranar da aka fara shiga Tungar Ɗinya. Da la'asar 'yan bindiga suka zo a kan babura, uku-uku, mutane suna gona. Wanda ya tsaya suka harbe shi a tsaye, wanda ya ruga suka bi shi cikin dawa suna harbi kamar masu farautar zomo. An tsinci gawa huɗu a bakin gari, aka rasa mutum tara. Kwana biyu maza suna fita da asuba suna kutsawa cikin dawa da ta fi tsawon mutum, su dawo da rana tsaka hannu rabbana, mata suna bakin ƙofa suna duban fuskokinsu. A rana ta uku ka rufe rumfarka ka je, na bi ka. Ka ce kowa ya zauna, fitar asuba wahalar banza ce. Wasu suka fara gunaguni, wai an kawo mahauci yana hana neman 'yan'uwa. Da hantsi ya yi ka hau wani dutse, ka kare ido da tafin hannu, ka daɗe kana bin jewar ungulu da kallo. Can sai ka fara nuni: gindin ɗorawar can, bayan kwarin can, gefen rafin can. Kafin magariba mun kwaso tara cif.

Ba zan ɓoye abin da muka gani ba, domin wanda bai gani ba ba zai san girman aikinka ba. Kwana uku a rana da damina ba wasa ba ne. Akwai wanda muka tarar cikinsa a farke, haƙarƙari a waje. Akwai wanda karnuka suka riga tsuntsaye, suka ja ƙafarsa ɗaya zuwa wani wuri. Wani dattijo an ɗaure masa hannu ta baya kafin a yanka shi, igiyar ta nutse cikin naman da ya kumbura. Kusan dukkansu ba idanu. Samari majiya ƙarfi suka riƙa juya baya suna amai, har da ni kaina. Kai kuwa ka tuɓe rawaninka ka yayyaga shi, kana bin su ɗaya bayan ɗaya kana ɗaure musu fuska, kana kiran sunan wanda ka sani kamar yana jin ka. Tun daga ranar ba ka sake fita nema ba sai da guntayen farin ƙyalle a aljihun 'yar-shararka.

Cikin taran nan akwai Umar, ɗa ɗaya tilo ga wata tsohuwa, Inna Hassana. Da muka sauke shi a ƙofar gida ta rarrafo ta kama ƙafarka. Ta ce, "Labbo, don Allah gaya mini, sun taɓa mini shi?" Ka ce, "Inna, huskarshi na nan yadda kinka san ta. Ƙura ce na rufe mai, bari a yi mai sutura." Ƙarya ka yi mata, na ga fuskar kafin ka ɗaure. Tsohuwar nan ta rayu shekara biyu bayan haka tana gaya wa mutane cewa ko tsuntsu bai taɓa ɗanta ba. Ina roƙon Allah Ya sa wannan ƙarya a ma'aunin ayyukanka na alheri.

Daga nan sunanka ya tafi. A kira ka Kekun Waje, a kira ka Ruwan Bore, a kira ka ƙauyukan bayan Tsafe da ban taɓa jin sunansu ba. Rabi ta gaji da faɗa ta koma addu'a. Ba ka taɓa ɗaukar bindiga ba, ba ka shiga ƙungiyar kowa ba, kuma ba ka tambayar gawar ta wace ƙabila ce. Akwai ranar da tsuntsaye suka kai ka kan wani makiyayi da aka sassare, waɗanda ke tare da kai suka ce a bar shi nan. Ka ce ungulu ba ta tambaye shi asalinsa ba, kai ma ba za ka tambaya ba. Kai kaɗai ka haƙa ramin.

Sau ɗaya na taɓa ganin ka zare wuƙa a kan mutum. Wasu baƙi ne suka zo bayan gari suka barbaɗa maganin ƙwari a mushen jaki, don su sami kawunan ungulu su kai wa bokaye. Da labari ya iske ka muka ruga tare. Mun tarar da tsuntsaye sun fi arba'in a warwatse, wasu sun mutu, wasu suna jan fiffike suna zubar da kumfa, mutum biyu suna bi suna sare kawunan suna jefawa a buhu, har da na waɗanda ba su gama mutuwa ba. Ban san lokacin da ka yi kansu ba. Ɗaya ya kai maka sara da adda ya tsarge maka dantse, kai kuma ka maka masa ƙotar wuƙa a baki har haƙora suka zubo. Suka bar buhun suka arce. Jini yana bin hannunka ka tara ƙirare ka ƙone jakin, ka haƙa rami ka binne tsuntsayen. Mutane suka taru suna dariya, wai Labbo yana jana'izar surukansa. Ni ne na fara faɗin haka. Ka dube mu ka ce, "Ku yi dariya. Ran da kunka ɓace a daji, wa za shi nuna inda kuke?" Tun daga shekarun nan sama ta yi fayau. Inda da ake ganin ɗari, yanzu in an ga bakwai an gode Allah, dutsen garinmu ma ya koma shiru.

Bashin da ke wuyana ba na kuɗi ba ne, na rai ne, kuma ga yadda aka yi. Shekara uku ke nan aka tare ƙanena Haliru a gonarsa, aka harbe shi, ya faɗa daji ba a san inda ya yi ba. Washegari muka hau dutse da kai, ni har na sayi likkafani. Da hantsi tsuntsaye suka taru a kan wani marke, wasu suna jewa, wasu sun sauka a rassa sun yi tsuru-tsuru, amma ba wadda ta taka ƙasa. Na ga fuskarka ta sauya. Ka ce, "Ba su sauka ba. Abu biyu na: ko mai rai na kwance bai cika ba, ko masu bindiga na laɓe kusa suna jiran masu ɗaukar gawa." Na ce to yaya za mu gane? Ka ce, "Ba a ganewa daga nan. Zuwa aka yi." Kafin in rufe baki ka gangara da gudu, tsoho da kai, muka bi ka don kunya. Muka tarar da Haliru cinya a fashe, ƙudaje sun rufe raunin, yana riƙe da kara yana ɗaga shi sama-sama don tsuntsayen su san da sauransa. A bayanka ka goyo shi har bakin titi. Yau Haliru yana ɗingishi, amma ya haifi 'ya'ya biyu bayan wannan rana, na farkon sunanka ya ci.

Ka ga ke nan ba zan ce ban sani ba. A gabana ka faɗi ma'anonin biyu, a gabana ka zaɓi ta farko.

Ranar Laraba, goma ga wata, ka fita da mutum uku neman wasu manoma biyu da aka kashe wajen yankan gero. Kun same su, kuna cikin ɗaure su a kan amalanke babura suka ɓullo. Kowa ya yi ta kansa. Ukun suka dawo gari da ƙaya a ƙafa, suka ce sun ji harbi sau biyu a bayansu, sun kuma ji muryarka kana salati. Babban ɗanka Muktar ya kira ni a waya, na kwana ban runtsa ba, gari na wayewa na kamo hanya daga Gusau.

Mu takwas muka hau dutsen nan na Tungar Ɗinya, wanda ka fara hawa shekara shida baya. Da yake ni na fi kowa yawan bin ka, kuma ni ne babba, sai duk aka zuba mini ido. Na ce a jira hantsi, yadda ka koya mana. Hantsi ya yi, sai ga su, guda shida, daga gabas. Suka yi ta kewaya fadamar, sannan huɗu suka sauka a kan wata kanya, biyu suka ci gaba da jewa. Ba wadda ta taka ƙasa.

Muktar ya damƙi hannuna. Ya ce, "Baba Sahabi, ba su sauka ba! Yana da rai, mu tai!" Na dubi fadamar, na ga dawa ta kewaye ta ta ko'ina, wurin da mutum hamsin za su kwanta ba a gan su ba. Na tuna jiya-jiya aka yi harbi a wurin. Na ce masa a'a, mutanen nan suna nan, sun san za mu zo, tarko ne. Na ce rayuka bakwai ne a wuyana, ba zan kai su mahallaka saboda gawa ba. Na faɗi kalmar gawa da bakina, ɗanka yana kallona. Ya fizge zai gangara shi kaɗai, na sa aka riƙe shi, mutum uku suka danne shi a kan dutse yana kuka yana kiran sunanka. Na ce a bari tsuntsayen su sauka, saukarsu ita ce alamar masu bindiga sun tashi. Maganar ta yi kama da hikima, kowa ya gyaɗa kai. Allah Ya sani, ni ma na sani, tsoro ne ya yi magana da bakina.

Muka zauna. Rana ta take, dutse ya yi zafi har ba a iya dafa shi. Muka yi azahar a nan da taimama. Muna sallamewa ɗaya daga cikin na kan kanyar ta buɗe fiffike ta sauka. Ta biyu ta bi ta, sai sauran gaba ɗaya. Na ce to, yanzu hanya ta yi kyau.

Babu sawun babur a fadamar, Labbo. Babu sawun takalmi, babu guntun taba, babu ciyawar da mutum ya kwanta a kai. Tun ranar Laraba suka yi gaba. Abin da muka gani shi ne jan ciki, doguwar shara a cikin laka tun daga bakin rafi har gindin kanyar, tafiyar da ta fi taku ɗari, da jini a kanta, na farkon ya bushe ya yi baƙi, na ƙarshen ɗanye. Harsashi ɗaya ya shiga ta kwiɓinka, ɗaya ya karya maka ƙafa. Ka ɗaure cikin da rawaninka. A hannunka na dama akwai karan dawa, irin wanda Haliru ya riƙe, ƙasar gefenka duk ta kwarzane inda kake ɗaga shi yana faɗuwa. Da Muktar ya kore tsuntsayen ya rungume ka, jikinka da ɗumi, gaɓoɓinka ba su sandare ba. Ba tashin 'yan bindiga suke jira ba. Kai suke jira, kuma sun yi maka ladabin da ka ce suna da shi, ba su taɓa ka ba sai da ka daina motsi. Daga inda kake kwance ana hango dutsen da muke kai sarai. Ka san muna can, domin kai ka koya mana wurin tsayawa.

Raunin cikin kawai suka fara taɓawa. Fuskarka kuwa a ɗaure muka same ta, da farin ƙyallen nan na aljihunka, an zagaya shi sau biyu an ƙulle ta gefe, ƙullin mutumin da hannunsa ya fara mutuwa. Ka san inda suke farawa. Da ka ga ba mu taho ba, sai ka yi wa kanka aikin da ka yi wa mutane fiye da ɗari.

Da muka kai ka gida Rabi ta tare ni a zaure, ta yi mini tambayar da Inna Hassana ta yi maka. Na ce mata fuskarka tana nan yadda ta san ta, kuma ni ba ƙarya na yi ba. Ta kwance ƙyallen da hannunta, ta dube ka, ta yi mini godiya. Godiyar nan ta fi mini zafi da a ce mari ta yi. Muktar bai gaya wa kowa abin da ya faru a kan dutse ba, bai kuma sake duban idona ba har aka yi addu'ar bakwai. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba mai wuce sa'arsa. Amma wa'adi na Allah ne, zaman da na yi daga hantsi zuwa azahar nawa ne.

Rabi, na san 'yarki Wasila za ta karanta miki wannan. Na kasa faɗa miki baki da baki, shi ya sa na rubuta. Ban ce ki yafe mini yau ba. Muktar, kai ka karanta sama daidai, ni na danne ka. Ina miƙa ta'aziyyata gare ku, da Wasila da sauran ƙannenta, da Haliru da takwaran marigayi, da mahautan Kwatarkwashi da na Tsafe, da duk gidan da Labbo ya taɓa kawo musu nasu suka binne da hannunsu.

Allah Ya jiƙanka, Labbo, Ya karɓi shahadarka, Ya sa zafin yinin nan ya zama kankarar zunubanka. Yadda ka suturta bayinSa, Ya suturta ka ranar da asirai ke tonuwa. Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri da abin da za su riƙe kansu, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Zamfara da duk inda ake kuka irin namu. Mu da muka rage kuma, in tamu ta riske mu a daji, Allah Ya sa wanda zai hau dutse ya duba mana sama ya kasance irinka ne, ba irina ba. Amin.